Darasi Na Bakwai: Gajiyar Taron Bidiyo Ga Mai Aiki Daga Gida

Akwai gajiyar da kowa ya san dalilinta. Wanda ya wuni yana huɗa a gona, ko yana dakon buhuna a kasuwa, in ya ce ya gaji ba mai tambayarsa me ya yi. Akwai kuma wadda mai ita ma kan ji nauyin faɗa. Mutum ya wuni zaune a ɗakinsa, fanka na kaɗa masa, bai ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi ba, yana ta magana da mutane ta allon kwamfuta ko waya, amma la'asar na yi sai kansa ya yi nauyi, idonsa ya kama yaji, wuyansa ya ƙage, ko surutun 'ya'yansa ba ya son ji. In ya yi ƙorafi a gida a ce masa, "Kai da kake zaune tun safe?"

Wannan gajiya ta gaske ce, kuma masana sun bincike ta. Za mu duba inda take fitowa, da abin da ma'aikaci zai iya gyarawa shi kaɗai, sannan da abin da ba ya gyaruwa sai mai kiran taron ya yarda. Na ƙarshen nan ya fi girma, kuma shi aka fi tsallakewa idan ana ba da shawara.

Yadda aka shiga ciki

Kiran bidiyo ya girmi annobar korona. Skype ta fito tun 2003, Zoom kuma a 2013. Abin da korona ta yi shi ne ta kwashe ofisoshi gaba ɗaya ta zuba su cikin allo. A Disamban 2019 kamfanin Zoom yana ƙirga masu shiga taro kusan miliyan 10 a rana. Zuwa Afrilun 2020 sun kai miliyan 300. A Najeriya an kulle Legas da Abuja daga 30 ga Maris na shekarar, Kano ta biyo baya a Afrilu, a watan Mayu kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo. An janye dokar kulle, amma taron bidiyo ya zauna daram. Yau ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da malaman jami'a, da 'yan jarida, da masu fassara, da matasan da ke yi wa kamfanonin waje aikin kwamfuta daga Kano ko Yamai ko Kumasi, duk da shi suke neman abinci. Shi kansa Eric Yuan, wanda ya kafa Zoom, ya faɗa a 2021 cewa abin ya gajiyar da shi, bayan ya taɓa yin taro 19 a jere cikin wuni guda.

Jinkirin da kunne ba ya yafewa

Mu fara da murya, domin a wajenmu nan ne matsalar ta fi tsanani.

Hira tsakanin mutum biyu tana da sauri fiye da yadda muke zato. Wani bincike da aka buga a 2009 ya auna hirarraki a harsuna goma daga sassan duniya, ya gano cewa ratar da ke tsakanin ƙarshen maganar wani da farkon amsar ɗan'uwansa, a tsakaice, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na daƙiƙa. Wannan lokaci bai isa a shirya ko kalma ɗaya ba. Ashe tun mai magana bai rufe baki ba, mai sauraro ya riga ya hango inda zancen zai tsaya, daga saukar murya da numfashi da motsin fuska, ya kuma ɗaura amsarsa. Ku saurari gaisuwar dattawa biyu a ƙofar masallaci: "Ina kwana?" "Lafiya lau." "Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya iyali?" Amsa na hawa kan tambaya, ba wanda ke jira, ba wanda ke tuntuɓe.

To, ku gwada wannan gaisuwa ta bidiyo ranar da sabis ba ƙarfi. Murya sai ta bi ta makirfo, a matse ta, a tura ta wata na'ura mai nisa, a dawo da ita kunnen ɗayan. Masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna a 2021 cewa ratar karɓar magana a Zoom ta ninka ta gaba da gaba fiye da sau uku. Hasashen da ƙwaƙwalwa ta saba yi sai ya riƙa kuskure. Ka yi shiru kana jira, shi ma yana jira, ku fara tare, ku tsaya tare, "Bismillah, ci gaba," "A'a, kai dai ci gaba." Abin da mutum ke yi ba tare da tunani ba tun yana yaro ya koma aikin da sai ya sa hankali, kuma sa hankali na awa uku ba kyauta ba ne.

Akwai wani abin da ya fi wannan ɓarna. A 2014 wasu masana a Jamus sun gano cewa idan jinkirin layi ya kai daƙiƙa 1.2, mutane kan ɗauki abokin maganarsu a matsayin marar mai da hankali ko marar fara'a. Laifin na layi ne, amma zuciya kan ɗora wa mutum. Ka ba da shawara a taro, shiru ya biyo baya na daƙiƙa biyu, kafin a amsa ka riga ka fara tunanin ko an raina maganarka. Ma'aikacin da ke Maiduguri ko Damagaram, wanda sabis ɗinsa bai kai na abokin aikinsa na Landan ba, shi ke yawan shan wannan mummunar fahimta, kuma yana sane, shi ya sa yake zama a ɗarare.

Ƙara da yankewar murya. Idan rabin kalma ta ɓace, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin. In taron da Turanci ko Faransanci ake yi, wato harshe na biyu ko na uku ga mai sauraro, cikewar ta fi wuya. Ga kuma ƙarar janareta, ta maƙwabci ko ta gida, ga hon ɗin adaidaita sahu.

Maganin farko a nan ba ya cin ko kwabo, yana ma rage kashe kuɗi: a fifita murya a kan hoto. Bidiyo na iya cinye rabin giga na data ko fiye a awa guda, alhali murya kaɗai ba ta kai megabayit 100 ba. Idan layi ya fara sarƙewa, rufe kyamara yakan buɗe wa murya hanya. A sa iyafis mai makirfo, ko mai araha ne, domin yana kusantar da murya yana rage amsa-kuwwa. Wanda ba ya magana ya rufe makirfonsa. A taro mai mutane da yawa, shugaba ya riƙa kiran mai magana da suna, mai magana kuma in ya gama ya ce "na gama", don kada a yi ta lalube.

Idanu a kanka, har da naka

A Fabrairun 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya buga wata maƙala da aka yi ta ambato, inda ya kawo dalilai huɗu na wannan gajiya: yawan kallon ido a kusa, da ganin kai a allo, da wahalar aikawa da karanta alamun jiki, da rashin motsi. Biyun farko ne za mu daɗe a kansu.

A ɗakin taro na gaske, ba kowa ke kallon kowa ba. Ana duban mai magana, a dubi takarda, a dubi taga, a dubi ƙasa. Wanda ba ya magana yana hutawa daga idon jama'a. A allo kuwa fuskoki goma ko ashirin suna fuskantarka daga farko har ƙarshe, ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Jiki yana ɗaukar haka tamkar kai ne a kan mumbari. In kuma mutum ɗaya ne ya cika allon, girman fuskarsa ya yi daidai da na wanda ya matso dab da kai. Masanin halayyar al'umma Edward Hall ya bayyana tun 1966 cewa tazarar da ba ta kai rabin mita ba, mutane na keɓe ta ne ga na jiki sosai. Ban da iyali, sai dai wanzami ke zuwa kusa haka, shi ma minti kaɗan ya gama askinsa ya matsa.

Ga wanda ya tashi cikin tarbiyyar Hausa akwai ƙarin nauyi. An koya mana cewa ƙura wa babba ido tsaurin ido ne. Yaro mai kunya yakan sunkuyar da kai idan na gaba da shi na magana. Yanzu ga matashi sabon ɗauka, fuskar shugabansa ta cika masa allo awa guda. In ya ɗaga ido ya ji kamar ya yi rashin ladabi, in ya sunkuyar kuma abokin aikinsa Bature ya ɗauka waya yake dannawa. Kuma duk wahalar nan, haɗa ido na gaskiya ba ya yiwuwa: in ka dubi fuskar mutum a allo, shi yana ganin ka kauda ido, in ka dubi kyamara don ya ga kana kallonsa, kai ba ka ganin fuskarsa.

Gyaran nan mai sauƙi ne. Kada a bar manhajar ta cika allo; a rage girman tagarta zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, fuskoki su ƙanƙance. A ja kujera baya. A zaɓi tsarin da ke nuna mai magana kaɗai maimakon jerin fuskokin kowa. Idan ana nuna takarda ko jadawali, a dubi takardar.

Sai ganin kai. Yawancin manhajoji suna nuna wa mutum hotonsa a wani ɗan lungu na allo, ido kuma ba ya iya haƙura da leƙawa. Hular ta karkace? Ɗankwalin ya zame? Fuskar ta yi maiƙo? Na yi kama da mai jin barci? Géraldine Fauville da abokan aikinta, ciki har da Bailenson, sun tambayi mutane fiye da 10,000 a 2021. Kusan mace ɗaya cikin bakwai ta ce tana jin gajiya mai tsanani bayan taron bidiyo, a maza kuwa kusan ɗaya cikin ashirin. Babban abin da ya bayyana wannan bambanci shi ne damuwar ganin kai a allo. Zoom da Google Meet da Microsoft Teams duk suna da wurin da ake ɓoye hoton kai, sauran mutane na ganinka amma kai ba ka ganin kanka. A duba zama da haske sau ɗaya a farkon taro, sannan a ɓoye. Cikin duk dabarun da ke wannan darasi, ba wadda ta kai ta sauƙi, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba.

Akwai abin da binciken na Amurka bai auna ba, amma duk matar da ke aiki daga gida a ƙasar Hausa ta san shi. Kyamara tana shiga inda baƙo ba ya shiga. Namijin da a al'ada iyakarsa zaure ko falo, ga shi yanzu yana ganin uwar ɗaka. Sai mace ta sa hijabi ko mayafi a cikin ɗakinta, cikin zafin Afrilu, wataƙila ba wuta. Ta kuma raba hankalinta biyu, rabi ga taro, rabi ga gadin ƙofa, kada yaro ya shigo ba riga, kada wata matar gidan ta gifta ba lulluɓi. Namijin da ke zaune a ɗaki ɗaya da iyalinsa shi ma yana ɗauke da irin wannan, har da jin nauyin a ga yanayin gidansa. Dusashe bayan hoto da manhaja ke yi yana taimakawa, sai dai yana wahalar da tsohuwar kwamfuta, yana sa waya zafi da shan caji. Mafi araha shi ne a zauna a jingina baya da bango, ta yadda ba hanyar da wani zai bi ta baya, haske kuma ya zo daga gaba.

Dalili na uku na Bailenson a taƙaice: a allo, alamun da jiki ke bayarwa da kansa sai an yi su da gangan. Gyaɗa kai sai an ƙara masa ƙarfi don a gani, murmushi sai an riƙe shi, murya sai an ɗaga. Su ma alamun wasu ba sa karantuwa daidai. Wanda ka ga ya juya yana harara, wataƙila ɗansa ne ya buɗe firiji.

Jikin da aka ɗaure

Kyamara tana ganin ɗan fili ne ƙarami, wanda ke son a gan shi kuwa dole ya zauna cikin filin. A waya mutum na iya yin magana yana zagaya tsakar gida. A bidiyo an kafe shi. Da yawa kuma ba teburi gare su ba, a kan gado ko tabarma suke zama, kwamfuta a cinya, wuya a lanƙwashe. A ɗora kwamfutar a kan teburi, a sa littattafai a ƙarƙashinta har saman allon ya zo daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisanta kuma kamar tsawon hannu. Mai amfani da waya ya jingina ta da wani abu, kada ya riƙe ta awa guda.

Ido na da nasa ƙorafin. Mutum yakan ƙifta kusan sau 15 a minti, amma idan ya ƙura wa allo ido sai ya ragu zuwa biyar ko bakwai. Ƙiftawa ce ke shafa wa ido ruwa, in ta ragu sai ya bushe ya kama yaji. Lokacin hunturu, da iska ke bushe kuma ƙura ta yi yawa, abin ya fi muni, haka ma idan fanka na bugun fuska kai tsaye. Likitocin ido suna ba da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: bayan kowane minti 20, a dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, wato kusan mita shida, na tsawon daƙiƙa 20. Bishiyar da ke waje ta taga ta isa. Wanda ciwon kai ko dishi-dishin gani ya ƙi barinsa duk da hutu, ya je a auna idonsa; sau da yawa tabarau ne ake bukata, ba dabarar taro ba.

Abin da ke hannun mai kiran taro

Duk abin da aka lissafa a sama yana rage wahala ne. Wanda aka jera wa taro shida daga ƙarfe tara zuwa huɗu zai gaji ko da ya ɓoye hotonsa, ya sayi kujera mai kyau. Yawan taro, da tsawonsa, da dokar kyamara, duk wani ne ke yanke su, kuma da yawa daga masu karanta wannan littafi su ne wannan wanin: shugaban sashe, sakataren ƙungiya, malamin da ke koyarwa ta intanet.

Tambayar farko kafin a tura gayyata: wannan magana tana bukatar taro kuwa? Sanarwa ba ta bukata. Saƙon imel ko saƙon murya na minti biyu ya wadatar, kowa ya saurara lokacin da ya samu sarari da sabis. Maganar mutum biyu da suka san juna, kiran waya ya fi, kowa ya yi tafiyarsa yana magana. Wani bincike a Stanford a 2014 ya nuna cewa mutane sun fi kawo sababbin dabaru suna tafiya fiye da suna zaune. Wani kuma da mujallar Nature ta buga a 2022 ya gano cewa mutum biyu da ke aiki ta bidiyo sun kawo dabaru ƙasa da waɗanda ke ɗaki ɗaya, amma wajen zaɓar wadda ta fi kyau cikin dabarun ba su gaza ba. Darasin da shugaba zai ɗauka a nan: a bar mutane su yi tunaninsu tun kafin taro, su rubuto, a haɗu don yanke shawara. Kuma a gayyaci waɗanda shawarar ta shafa kawai. Ɗabi'ar gayyatar kowa don kada wani ya ce an ware shi ta cika taruka da mutanen da ba su da abin faɗa.

Na biyu, rata tsakanin taro da taro. A ofis, tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan hutu ne da ba a lissafa shi. A gida kuwa danna maɓalli ɗaya ne. A 2021 kamfanin Microsoft ya sa wa mutum 14 hular auna aikin ƙwaƙwalwa, suka yi taruka huɗu na rabin awa. A wani zama an jera su ba tsayawa, a wani kuma an ba da hutun minti goma tsakani. Inda ba hutu, alamun damuwa a ƙwaƙwalwa sun yi ta taruwa daga taro zuwa taro. Inda aka huta, ba su taru ba. Mutum 14 ba yawa ba ne, kamfanin kuma mai sayar da manhajar taro ne, amma sakamakon ya dace da abin da kowa ke ji a jikinsa. A mai da taron rabin awa minti 25, na awa guda minti 50. Kalandar Outlook da ta Google duk ana iya saita su su riƙa yin haka da kansu. Minti goman kuma ba na duba WhatsApp ba ne, wannan canza allo ne kawai; a tashi, a sha ruwa, a fita tsakar gida.

Musulmi yana da hutun da aka riga aka tsara masa. Azahar da la'asar suna faɗowa cikin lokacin aiki, ga ruwa a fuska, ga tsayuwa da ruku'u, ga ido ya bar allo. Shugaban da ke jan taro ya haɗiye lokacin salla, bayan abin da ya tauye na addini, ya kuma hana mutanensa hutun da zai dawo masa da su da hankali. Masu aiki da ƙasashen waje su faɗi lokutansu tun wuri, domin na can ba lallai ya sani ba. Ƙarfe biyu na rana a Washington, a watannin bazararsu, ƙarfe bakwai ne na yamma a Kano da Yamai, wato dab da magariba ko cikinta. Nairobi tana gaban Najeriya da awa biyu, Accra tana baya da awa ɗaya. Idan ba lokacin da zai yi wa kowa daɗi, a riƙa juya wahalar, kada kullum ta faɗa kan ɓangare ɗaya.

Na uku, kuma inda aka fi gardama: kyamara. Shugabanni da yawa suna dagewa kowa ya buɗe, hujjarsu ita ce gani ya kori ji. In ban gan ka ba, ina zan san kana nan? A 2021 Kristen Shockley ta Jami'ar Georgia da Allison Gabriel ta Jami'ar Arizona da abokansu sun gwada wannan a kan ma'aikata 103 na wani kamfani, tsawon mako huɗu. Kowa ya yi mako biyu da kyamara a buɗe, mako biyu a rufe. A makonnin buɗewa an fi gajiya, gajiyar kuma ta zo da raguwar tofa albarkacin baki da mai da hankali a taro. Mata da sababbin ma'aikata ne abin ya fi taɓawa. Wato dokar da aka kafa don a tabbatar mutane suna tare da taro, ita ce ke rage musu kuzarin kasancewa tare da shi. A ganina, shugaban da ke son sanin ko ana biye da shi yana da hanyar da ta fi kallon fuska: ya jefa tambaya ga mutum da suna, ya raba wa kowa ɓangaren da zai yi bayani, ya duba aikin da ya fito bayan taro. Fuska a allo ba shaida ba ce. Ana iya ƙura wa kyamara ido ana karanta labarin ƙwallo.

Wannan ba ya nufin a rufe kyamara har abada. Haɗuwar farko da sabon abokin aiki tana son fuska. Haka ganawar ɗaukar aiki, da sasanta saɓani, da isar da labari marar daɗi, da koyar da abin da sai an nuna da hannu. Idan akwai kurma ko mai ƙarancin ji da ke karanta leɓe ko maganar hannu, kyamarar mai magana wajibi ce. Tsaka-tsakin da ke aiki a wurare da yawa shi ne a buɗe minti biyar na farko a gaisa, a ga juna, sannan a rufe, mai magana kaɗai ya buɗe in layinsa zai ɗauka. Wanda ya rufe kuma ya riƙe amana. Saurare da rabin kunne ana amsa saƙonni yana gajiyarwa fiye da saurare sosai, kuma shi ke sa shugabanni su dawo da dokar dole. Riƙe biro da takarda ana rubuta muhimman batutuwa yana tsare hankali, yana kuma sauke ido daga allo.

Wasu ma'aikatu sun keɓe rana guda. A Maris 2021 Jane Fraser, shugabar bankin Citigroup, ta hana tarukan bidiyo na cikin gida ranar Juma'a. Ƙaramar ƙungiya ma na iya yin haka ba tare da kashe komai ba, kuma a wajenmu Juma'a ta riga ta dace, tunda wunin a rabe yake.

Idan ba kai ne shugaba ba

Ƙaramin ma'aikaci ba zai soke taro ba, amma yana iya roƙo, kuma yadda aka yi roƙon shi ke sa a karɓa. Kada a fara da "na gaji", domin kunnen shugaba na iya jin lalaci. A fara da amfanin aikin, a kawo mafita, a nemi gwaji na ɗan lokaci. Ga misalin saƙo:

"Ranki ya daɗe, barka da aiki. Ina neman alfarma game da taronmu na Talata. Sabis a unguwarmu yakan yi rauni da rana, in na buɗe kyamara sai muryarki ta riƙa yankewa, wasu bayanan su wuce ni. In kin amince, zan buɗe lokacin gaisuwa da lokacin da zan ba da rahotona, sauran lokacin in rufe in riƙa rubuta abin da aka tattauna, in turo miki bayan taro. Za mu iya gwadawa na wata guda ki ga ko ya yi. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ku lura ba a yi ƙarya a ciki ba, kuma an ba shugabar wani abu a madadin fuskar da ba za ta gani ba. Wanda sabis ɗinsa lafiya lau kada ya ara wannan hujja; ya faɗi tasa ta gaskiya, ko ta ido ce, ko ta yanayin gida. Idan mutum uku ko huɗu suka kawo buƙata iri ɗaya cikin ladabi, ta fi saurin shiga.

Aikin aji da na gida

A aji, ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama shugaban sashe mai dagewa a buɗe kyamara, ɗaya ma'aikaciyar da ke zaune a gidan yawa. Kowa ya kare matsayinsa minti biyar da hujjojin da ke cikin darasin, sannan ku sauya. Ku gaya wa aji wace hujjar shugaban ce ta fi wuyar amsawa.

A gida, ku ɗauki mako guda kuna rubuta kowane taron bidiyo ko dogon kiran bidiyo da kuka yi: tsawonsa, yawan mutane, ko kyamara a buɗe take, ko an sami hutu kafinsa, da datar da ya ci in wayarku na nunawa. Bayan kowanne ku ba gajiyarku maki daga 1 zuwa 5. A ƙarshen mako ku ja layi ƙarƙashin tarukan da saƙo ko kiran waya zai iya maye gurbinsu, ku zaɓi ɗaya, ku rubuta wa wanda ke kiransa saƙon da bai wuce layi shida ba. Ku zo da takardar da saƙon a zama na gaba.